Ranar da Kwamfuta Ta Haɗe Ni da Tela

Jama'a, ku taya ni murna, ko ku yi min jaje, duk wanda ya fi muku sauƙi. Wata Laraba, sati uku ke nan, na shiga wani ofis da ƙafafuna biyu da hulata da cikakken hankalina, na fito an tabbatar min a hukumance cewa ni rabin mutum ne. Ɗaya rabin kuwa yana zaune a kan benci a bakin ƙofa, ya dogara haɓa a kan sanda, yana jira in fito in ja shi gida.

Rabin nan nawa tela ne. Shagonsa na kallon ƙofar gidana shekara talatin da 'yan kai, kuma sunanmu ɗaya, don haka duk layinmu ba mai wahalar da bakinsa: ni Takwara, shi Takwara, in an ƙwala kira mu waiwaya tare. Ban da sunan nan ba abin da ya haɗa mu. Ni tsohon direban babbar mota ne, gajere, da uban tumbi, da baki kamar rediyon da makunninsa ya lalace. Shi kuwa dogo ne, siriri, kyakkyawa, mai natsuwa, in ya yi magana uku a wuni to ranar ya cika surutu. Amma kwamfuta ta duba ta ce kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari ni ne shi, shi ne ni. Wane ni in yi jayayya da abin da aka sayo daga ƙasar waje?

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

Shekara biyu ke nan yanar ido ta fara rufe wa Takwara gani. Da farko zare ne ya daina shiga allura. Sai ya riƙa tsallako titi yana miƙo min, ni kuma da abu in ya matso kusa da hancina sai ya zama hayaƙi, in karɓa in yi ta soke iska, daga ƙarshe mu duka biyun mu kai wa uwar yara ta zura mana tana yi mana dariya. Daga nan abin ya ci gaba. Ya ɗinka wa wani malamin makaranta riga da aljihu a gadon baya. Malamin mutumin kirki ne, ya karɓa ya yi godiya, bai sake dawowa ba. Haka masu kawo ɗinki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba cece-kuce, wanda ya fi faɗan ciwo. Idon hagu ya yi fari fat, na dama yana bin sahunsa. Ranar da na ga ya lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zane ya zauna a gefe yana sauraron motoci, wallahi abinci bai yi min daɗi ba.

Ana nan sai aka yi shela: likitocin ido baƙi za su zo, sati ɗaya tak, kyauta, mai buƙatar tabarau a ba shi, mai buƙatar aiki a yi masa. Amma sai an yi rajista. Kun san mu da rajista. A ƙasar nan ko atishawa za ka yi, ka fara rubuta suna.

Aka kafa rumfa a filin makaranta, aka zaunar da wani ma'aikaci da zufa ta gama jiƙa wa kwala. In ya tambaye ka ranar haihuwa, ka ɗaga hannu za ka sosa ƙeya, kafin hannun ya isa ya riga ya rubuta ɗaya ga watan ɗaya. Rabin tsofaffin unguwarmu a ranar nan aka haife su, Allah ya jiƙan ungozomar da ta yi wannan aiki. Shekara kuwa da furfura yake aunawa. Ya dube ni ya ba ni sittin da biyar, ya dubi Takwara ya ba shi sittin da biyar, alhali Takwara ya girme ni da shekara huɗu kuma bai taɓa bari na manta ba. Adireshi fa? Layinmu ba shi da suna, gidajenmu ba lamba. Kowa cewa yake bayan tankin ruwa, tankin da tun ranar da aka yanke masa ƙyalle bai sake ganin ruwa ba sai na sama. Da aka zo lambar waya, Takwara ya ce: "Rubuta ta Takwara. Ni ko saƙon ya zo ba ganinsa zan yi ba." Ma'aikaci ya rubuta tawa a gabana, ya sake rubuta ta a gabansa. A lokacin har daɗi na ji, na ce ga amanar maƙwabtaka.

Wannan jerin sunaye na farko ke nan. Na biyu a ƙaramin asibiti aka yi shi bayan sati biyu, inda wata nas ta haska mana fitila a ido, ta rubuta nata a nata littafin. Ni tabarau. Takwara aiki, kuma ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Litinin ɗin da likitoci suka sauka, saƙo ya shigo wayata. Guda ɗaya. Uwar yara ta karanta min: ka zo ka karɓi naka. Na saka babbar riga na tafi, na ce wa Takwara nasa na tafe, ai masu aiki sai an shirya musu gado.

Jama'a, ban san na daɗe a cikin hazo ba sai da aka ɗora min tabaraun nan a hanci. Na sayi jarida a hanya na karanta ta kaf, har da sanarwar waɗanda suka canja suna da farashin tayoyi. Na karanta takardar maganin da na shekara uku ina sha, na gano bayan cin abinci ake shan sa. Na shiga gida na ƙura wa uwar yara ido na ce: "Ikon Allah, ashe kin fara furfura." Ta ce: "Ni shekara goma ina ganin taka ba tabarau, na rufa maka asiri." Na yi wuni ina karanta duk abin da ya gifta, kwalin ashana, bayan buhu, lambar motar maƙwabta. Takwara kuwa duk bayan awa guda sai in ji muryarsa daga ƙetaren titi, a hankali, kamar mai jin nauyi: "Takwara, ba abin da ya shigo?"

Ba abin da ya shigo. Talata na riƙo hannunsa muka tafi babban asibiti. An manna sunaye a bango, na gyara zaman tabarau ina taƙama, na bi da yatsa tun daga sama har ƙasa. Sunanmu sau ɗaya ya fito, an kuma yi masa alama a gefe: an sallame shi. Na ce wa mai tsaron takardu ai mu biyu ne. Ya ce shi ɗaya yake gani a takarda. Na ce ɗago kanka ka ga biyu. Ya ɗago, ya gan mu, ya mayar da kai ya ce shi da takarda yake aiki, mu je Ofishin Tantancewa da Sake Tantancewa. Ya ƙara da cewa mu yi sauri, likitoci ranar Juma'a za su naɗe kayansu.

To, ga mu a Laraba. Layin masu jiran man fetur ya cinye rabin titi, motar haya sai wadda Allah ya yi wa gyaɗar dogo, don haka a ƙafa muka taka, ni a gaba ina ba da labari, shi a baya yana riƙe da kafaɗata. Ofishin bene ne mai hawa uku, da sabon fenti a fuskar da ke kallon titi kawai. Masinja ya ce Yallaɓai ya tafi taron share fagen taron gobe. Mataimakinsa ya raka shi. Mataimakin mataimakin ya bi su da jaka. Na ce to wa ya rage yana aiki? Ya yi tunani sosai, sannan ya nuna min wata ƙofa a ƙarƙashin matakala.

Ɗaki ne da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, da fanka mai fiffike ɗaya da ba ta juyawa, da wata malama matashiya a gaban kwamfuta, ta jingine bayanta da tulin fayil. Na zaunar da Takwara a benci a waje na shiga na yi sallama.

"Sannu da zuwa, Baba. Kai ma an haɗe ka?"

"'Yata, ashe ba ni kaɗai ba ne?"

"Kai ne na goma sha ɗaya yau."

Ta karɓi katina, ta danna, ta juyo min da allon. Tebur ne mai layuka da ƙananan akwatuna ba iyaka, kowane layi mutum guda. Ta nuna min nawa, ta nuna min na Takwara a ƙarƙashinsa, an shafe shi da launin toka. A gefe an rubuta casa'in da ɗaya.

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ita ce mutum ta farko a ofis da ta taɓa yi min bayani ba tare da ta duba agogo ba. Ta ce jerin sunaye biyu aka kawo mata, na rumfa da na asibiti, aka ce ta haɗa su ta gano wane ne wane. Hannu daban ya rubuta kowanne. Wani ya fara da sunan uba, wani ya taƙaita, wani ya bar gurbi ba komai, wani ya rubuta laƙabi. In ta ce wa kwamfuta sai komai ya zo daidai cif kafin ta yarda mutum ɗaya ne, cikin dubu huɗu ko ɗari uku ba za su dace ba, sauran duk a kore su. Don haka ake ce mata ta duba kamanni, ta ba da maki: suna, ranar haihuwa, unguwa, lambar waya. Da wannan makin ake gano mutum a littafi na biyu, da shi kuma ake kama wanda ya rubuta kansa sau biyu.

"Abin ba laifi ba ne, Baba," in ji ta. "In maki ya haura casa'in da biyar, kusan kullum mutum ɗaya ne. In ya gaza saba'in, mutane daban ne. Na tsakiyar nan ne ake ware su gefe, mutum mai ido ya zauna ya duba ɗaya bayan ɗaya, in ta kama a buga waya a tambaya."

"To mu casa'in da ɗaya ai 'yan tsakiya ne. Wa ya duba mu?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. Ta ce ta nemi mutum huɗu da sati uku. Yallaɓai ya ce sati uku ya yi yawa, ranar Alhamis zai tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi yawan sunayen bogi da ya kakkaɓe, kuma ba ya son adadi ɗan mitsitsi. Ya ce a sauko da ma'aunin zuwa tamanin da biyar, duk abin da ya haura a haɗe shi kawai, kwamfuta ba ta ƙarya. Da aka haɗe mu, sai aka riƙe layin sama aka zubar da na ƙasa. Layin sama na mai tabarau ne. Na karɓi tabarau, aka rufe fayil. Wato ni, da hannuna, da babbar rigata, na je na cinye wa Takwara gadon aikinsa ina murmushi.

Na ce: "'Yata, suna ɗaya na yarda. Amma ubanninmu fa?"

Ta ce sunayen iyayen namu tare suka faro, sai can wajen ƙarshe suka raba hanya, nan ne ma muka rasa kashi tara. Ragowar kuwa mu muka ba ta da bakinmu: rana ɗaya, shekara ɗaya, bayan tanki ɗaya, waya ɗaya. "In kai ne kwamfutar, Baba, me za ka ce?"

Na ce zan ce kama da wane ba ta wane. Ta ce wannan ba a saka mata shi a ciki ba.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne mai facin taya na bakin layinmu. Kowa ya san sau biyu ya yi rajista, sau ɗaya da hula sau ɗaya ba hula, da wayar matarsa da ta ƙaninsa. Na roƙi malama ta duba min shi, don zuciyata ta huta. Ta duba. Shi da kansa maki sittin da huɗu suka samu. Hukuma ta tabbatar mai faci bai yi kama da mai faci ba, ta ba shi tabarau biyu, yanzu ɗaya a hanci ɗaya a goshi yake yawo kamar mai walda.

Na ce to a raba mu. Ta ce raba layin da aka haɗe sai da sa hannun Yallaɓai, ita maɓallin ma a kulle yake a wajenta.

Alhamis muka yi sammako zuwa wurin taro. Kai, jama'a, an kashe dukiya! Rumfuna shida, kujeru masu riga, ruwan roba kwali-kwali, da wani ƙaton allo mai hoton Yallaɓai yana nuna kwamfuta da yatsa kamar shi ya haife ta. Mu a layinmu Yallaɓai Mai Almakashi muke kiransa, don ba a taɓa ganinsa ba ƙyalle a gabansa ba. Shi ya buɗe tankinmu. Shi ya buɗe gadar da ta tsaya a tsakiyar kogi tana tunani. Takwara ya ce a matsayinsa na tela yana girmama duk mai riƙe almakashi, sai dai shi in ya yanka yakan ɗinke.

Yallaɓai ya hau mumbari ya ce a ƙarƙashin jagorancinsa, da fasahar zamani, an bankaɗo fatalwa ɗari bakwai da goma sha biyu da suka so cin haƙƙin talakawa. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, gaskiya, don ban taɓa ganin aikin da aka gama kafin ranar da aka ɗiba ba sai wannan. Da ya sauko zai shiga mota, na kutsa ta ƙarƙashin hannun wani ɗan sanda, amfanin gajarta ke nan, na jawo Takwara.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma! Ga ɗaya daga cikin fatalwar ya zo gaisuwa."

Ya dubi Takwara sama da ƙasa. Takwara ya rusuna ya gaida ƙofar motar, don ita ya fi gani. Na zayyana bayani cikin numfashi ɗaya: mu biyu ne, an mai da mu ɗaya, likitoci gobe za su tafi, sa hannu kawai muke roƙo, ga biro. Yallaɓai ya dafa kafaɗata, da fara'a ƙwarai, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce irin wannan kishin ƙasa ake so, talaka ya zo da kansa ya ba da rahoto. Ya ce mu rubuto a takarda, kwafi uku, za a kafa kwamiti ya duba ko da gaske mu biyu ne. Gilashi ya ɗaga, mota ta tafi, wasu shida suka bi ta, a garin da ake cewa ba mai.

Muka koma ɗakin ƙarƙashin matakala, ni dai don in sami wanda zan yi wa ƙorafi. Malama ta saurare ni har na gaji. Ta daɗe tana kallon allon tana taunar murfin biro. Can ta ce: "Baba, akwai maɓalli ɗaya da ba a kulle min ba."

Ta ce in wanda aka ba tabarau ya dawo da shi ya ce bai yi masa ba, ana karɓa a mayar sito, fayil ɗinsa ya sake buɗewa, a tura shi gaban likita a sake duba shi. Likita kuwa ba layi yake dubawa ba, idon da ke gabansa yake dubawa.

"Wato Takwara ya shiga da sunana?"

"Da sunansa, Baba. Ranar haihuwarsa ce, unguwarsa ce, lambar da ya bayar ce. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Hukuma ce ta ce shi ne kai, ni biyayya kawai nake yi." Sai ta ƙara, ba ta dube ni ba: "Amma tabaraun ba zai dawo ba. Fayil ɗaya, magani ɗaya."

Zan so in ce muku nan take na zare shi na dangwarar a tebur. Ban yi ba. Na ce zan yi shawara. Ku zage ni in kun ga dama, amma duk wanda bai taɓa shekara bakwai yana miƙa wa mutane takarda yana cewa karanta min na manta tabarau a gida ba, alhali ba shi da shi, bai san abin da na ji ba. Kwana huɗu kacal na yi ina mutum mai karanta wasiƙarsa da kansa. Na san ana sayar da irinsa a kanti, amma nawa ido ɗaya ya fi ɗaya lalacewa, sai an yanka min na musamman, kuma kun san aljihun ɗan fansho.

Muka dawo gida. Da la'asar na zauna a ƙofar gida na buɗe jarida, ina karantawa ba na fahimta. Uwar yara ta fito da tsintsiya ta yi ta share wurin da ta riga ta share.

"Maigida, me jaridar ta ce?"

"Sun ce komai na tafiya daidai."

"To madalla. Kai labarin duniya kake son gani, shi hanyar banɗaki yake lalube. Ni dai ban ce komai ba."

Ba ta ce komai ba, ta kuma ci gaba da rashin cewa komai har kusan minti ashirin. Amma ba ita ta karya ni ba. Takwara ne. Ya tsallako titi shi kaɗai, yana buga sanda, mai babur ya kusa kwashe shi, ya lalubo bencina ya zauna. Ashe duk abin da malama ta faɗa ya ji daga waje, masu ciwon ido kunnensu kamar na zomo. Ya ce: "Takwara, ka riƙe abinka. Ni na ga duniya iya gani. Kai kuma ka ga yadda kake murna." Sannan ya ƙara da cewa: "Keken ma akwai wanda ya taya."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Mutumin nan shi ya ɗinka wa 'ya'yana kayan makaranta tun daga na fari har auta, in na yi tafiyar sati uku a mota shi ke leƙa gidana, ga shi yana ba ni haƙuri a kan idonsa. Na ce masa ya rufa min baki, maganarsa ta yau ta riga ta wuce uku.

Juma'a tun ofis bai gama buɗewa ba muna ƙofa. Na zare tabarau na goge shi da bakin riga, na karanta kalandar bangon malama tun daga sama har sunan maɗaba'a, don bankwana, na miƙa. Ta ce ƙa'ida sai na faɗi dalili ta rubuta. Na ce ta rubuta cewa tun da na saka shi nake ganin abubuwan da ke ɓata min rai. Ta rubuta, ta danna maɓalli, ta buga takarda ta ba Takwara.

A asibiti likitan ya haska ido ya ɗaga murya: wane ne ya rubuta wa wannan bawan Allah tabarau? Wannan ai ko gilashin mota aka ɗaura masa ba zai gani ba! Na ce ranka ya daɗe, fasahar zamani ce. Shi ne na biyun ƙarshe da aka shigar. Ana fito da shi ana kwance fitilu ana zubawa a akwati.

Washegari nas ta cire bandeji, ni da uwar yara muna tsaye. Takwara ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa ya juya shi. Hawaye ya zubo masa, nas ta ce kada ya murza. Sannan ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana kallo, tun daga hula har takalmi.

"Wannan ne aka ce mun yi kama kashi casa'in da ɗaya?" in ji shi. "Wallahi sai na ɗaukaka ƙara."

Shekaranjiya ya yaye zanen da ke kan keke. Na ji ƙararsa tun daga cikin ɗaki, na fito ba takalmi. Malamin makarantar nan ma ya dawo da rigarsa a mayar masa da aljihu gaba.

Ni kuwa na koma ofis in sake rajista. Malama ta duba ta ce a rubuce an yi min aikin ido cikin nasara, ina gani garau, ba na cikin masu buƙata har sai shiri na gaba. Takardarmu mai kwafi uku tana nan, an kafa kwamitin, har ya yi zama biyu a otal, ana sa ran zai kai ziyarar ƙaro ilimi ƙasar waje don ganin yadda suke bambance mutum da maƙwabcinsa. Sauran goman da na tarar a ranar Laraba, da waɗanda suka zo bayana, ban san yadda suka ƙare ba, don ba kowace fatalwa ce ke da maƙwabci mai tabarau ba.

Yanzu kullum da safe nakan sayi jarida in tsallaka titi, Takwara ya karanta min. Yana tsallake labarin ƙwallo don ba ya so, in ya zo kan jawabin manya kuma sai ya ce "sun ce za su yi," ya juya shafi. Kai ɗaya, ido ɗaya mai kyau, baki ɗaya mai aiki: in ka duba da kyau, Yallaɓai bai yi ƙarya ba, riga mu gani kawai ya yi. Uwar yara ta ce ita ta gano inda kashi taran da ya raba mu yake, wai shi yana da sana'a.

Wannan rubutun ma ni na faɗa, shi ya riƙe biro. Da uwar yara ta karanta min shi kafin a kai wa edita, na ji an ce wani tela kyakkyawa ne mai natsuwa, wani direba kuma yana da uban tumbi. Ni dai ban tuna na faɗi haka ba. Amma tunda a hukumance ni ne shi, na bar yabon a inda yake, kashi casa'in da ɗaya nawa ne.